Tseren keke a kan burji: Abin da ke jiran sabon shiga a tudun Kudancin Kano

Duk wanda ya bar titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada, zai lura ƙasa ta fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗen filin da aka saba gani a kewayen birnin Kano yana ƙarewa, hanya ta shiga hawa da sauka, har a ratsa Dajin Falgore a kai ga duwatsun Riruwai da ke Ƙaramar Hukumar Doguwa, yankin da ya fi ko'ina tudu a jihar.

Da an sauka daga kwalta kuwa, sai burji. Hanyoyin da suka haɗa ƙauyuka irin su Badafi a Ƙaramar Hukumar Kiru da gonaki da kasuwanni, ko waɗanda ke kewayen madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, da yawansu jar ƙasa ce da tsakuwa da gargada. A kansu ɗalibai ke tuƙa keke zuwa makaranta, manoma ke ɗauko buhun masara a bayan kariya.

Mazauna yankin wahala suke kiran wannan hanya. Amma a wasu ƙasashe, irinta ake nema da gangan a shirya gasa a kai, har mutane su biya kuɗi don a bar su su shiga. Saurayin da ya taso yana hawa waɗannan tuddai yana da ƙafar tsere tun kafin ya sani. Abin da ke kayar da shi a ranar farko yawanci rashin sanin dabara ne, kuma wani lokaci kuskuren kan kai mutum asibiti.

Daga hanyar ƙauye zuwa gasar duniya

A shekarar 1997, wasu masu sha'awar keke su 92 suka taru a ƙauyen Gaiole da ke yankin Tuskani a Italiya, suka bi fararen hanyoyin tsakuwa na karkara. Suka sa wa taron suna L'Eroica. Ɗaya daga cikin manufofinsu ita ce kare waɗannan hanyoyi daga a shafe su da kwalta, kuma har yau tsofaffin kekunan ƙarfe ake hawa a taron.

Daga nan ne aka samo gasar ƙwararru ta Strade Bianche a 2007, wadda ake kammalawa a birnin Siyena. A 2022 Hukumar Tseren Keke ta Duniya, UCI, ta shirya gasar cin kofin duniya ta farko ta tseren kan tsakuwa, ita ma a Italiya. A nan Afirka, Kenya ta fara gasar Migration Gravel Race a 2021, inda ake shafe kwana huɗu ana ratsa yankin Masai Mara.

Abin lura shi ne 'yan koyo ne suka fara wannan harka, a kan hanyar ƙauye, da kekunan da ba su da nisa da Rale da Finiks ɗin da iyayenmu suka hau.

Minti ashirin na farko

Kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi yana faruwa ne da an busa usur. Jini ya hau, 'yan kallo na ihu, sai ya take feda da duk ƙarfinsa don ya wuce gaba. Kafin a yi kilomita biyar numfashi ya ƙare, cinyoyi sun ɗau zafi, waɗanda ya bari a baya su zo su wuce shi ɗaya bayan ɗaya.

Tseren keke ya bambanta da gudun ƙafa ta wata fuska. Wanda ke gaba shi ke fasa iska, na bayansa kuma yana samun sauƙin da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da zai kashe, idan ana gudu sosai a miƙaƙƙiyar hanya. Shi ya sa ƙwararru ke tafiya a dunƙule suna karɓa-karɓa.

A kan burji sai an ƙara hankali. Wanda ya manne wa tayar na gabansa ba ya ganin rami ko dutse sai ya faɗa, ga ƙura da ke rufe ido. Dabarar ita ce a bar ɗan rata, a ɗan karkata gefe, ido kuma ya tsaya can gaba maimakon kan tayar wani.

Hawa: inda ake rabuwa

A kan tudu ne ayarin ke tarwatsewa, domin a nan fakewa a bayan wani ba ya wani amfani, kowa nauyinsa yake ja.

Mai keke mai giya ya kamata ya sauko zuwa giya mai sauƙi tun kafin hawan ya yi tsanani. Idan ya bari sai ƙafa ta yi nauyi sannan ya canza, kaca na iya zamewa ko ta tsinke. Sannan a kan tsakuwa an fi so mutum ya zauna a sirdi. Da ya miƙe tsaye kamar yadda ake yi a kwalta, nauyi ya bar tayar baya, sai ta riƙa sulɓewa tana watsa ƙasa ba tare da keken ya ci gaba ba.

Mai keken gargajiya marar giya kuwa ba shi da wannan zaɓi. Irin waɗannan kekuna kan kai kilo 20, alhali dokar UCI ta ce keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, kuma da yawan na ƙwararru a kusa da nan suke. Idan hawa ya fi ƙarfinsa, sauka ya tura ba abin kunya ba ne. A manyan gasanni na kan tsakuwa ma ana ganin ƙwararru suna tura keke a inda hanya ta gagara.

Gangara ta fi hawa haɗari

Sabon shiga kan ɗauki gangara a matsayin hutu, ya saki keke don ya rama lokacin da ya ɓata. A nan ake samun munanan raunuka.

Ruwan damina, wanda ya fi yawa a kudancin jihar a kan arewacinta, yana yanka hanyoyin tudu ya bar ramuka a tsaye, ya tara yashi a ƙasan gangara, daidai inda keke ya fi gudu. Tayar gaba na shiga yashi da ƙarfi sai ta kafe, mahayi ya tashi ta saman kan keke.

Ƙa'idar ita ce a rage gudu kafin a shiga kwana, a matse birki biyu a hankali, a ja jiki baya, a sassauta gwiwar hannu. Wanda ya danne birkin gaba da ƙarfi a tsakiyar kwana mai tsakuwa, faɗuwa zai yi.

Haɗarin bai tsaya ga 'yan koyo ba. A watan Agustan 2022, Sule Kangangi, ɗaya daga cikin fitattun 'yan tseren keke na Kenya, ya rasu bayan ya faɗi a wata gasar kan tsakuwa a Jihar Bamont ta Amurka, yana da shekara 33. Don haka hular kwano ba ado ba ce, kuma duk gasar da ta bar mutum ya shiga ba tare da ita ba, masu shirya ta sun yi sakaci.

Taya, ruwa da ciki

Siririyar tayar keken tsere na kwalta faɗinta milimita 25 zuwa 28 ne. Masu tseren kan tsakuwa sun fi amfani da mai faɗin milimita 38 zuwa 45. Ta wannan fuskar tsohon keken ƙauye ya fi dacewa da burji a kan keken tseren da aka sayo a gwanjo.

Akwai kuma batun iska. Al'adar masu faci ita ce a cika taya ta yi tauri kamar dutse. A kan gargada, irin wannan tayar tsalle take yi, ba ta kama ƙasa. Idan kuma iskar ta yi kaɗan, dutse zai matse tiyub da bakin ƙarfen taya ya huda shi. Sai a nemi tsaka-tsaki, a gwada a kan hanyar kafin ranar gasa. Ƙaya ma na nan, don haka famfo da kayan faci da tiyub na ko-ta-kwana su kasance a jikin keke, kuma mahayi ya iya gyara da hannunsa.

Jikin ɗan Adam na ajiye makamashin da zai ishe shi kusan awa ɗaya da rabi na aiki mai tsanani. Bayan nan, wanda bai ci komai ba zai ji ƙafa ta mutu, kai ya fara juyawa. Dabino ko ayaba a aljihu sun wadatar, a riƙa ci kaɗan-kaɗan tun kafin yunwa ta zo. Haka ruwa: aƙalla rabin lita a kowace awa, fiye da haka idan ana zafi, kuma ɗan gishiri da sukari a ciki na taimakawa wajen mayar da abin da gumi ya fitar.

Lokacin shekara ma yana da tasiri. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, a Agusta kuma laka ke cinye hanya. Bayan ɗaukewar damina, da sanyin safiya, ya fi dacewa, ko da yake ƙurar hunturu na wahalar da masu ciwon asma.

Nauyin da ke kan masu shiryawa

Hanyar ƙauye ba fili ba ce da za a rufe. Babura da amalanke da garken shanu da yara duk suna da haƙƙi a kanta. Duk wanda zai shirya tsere a wannan yanki sai ya fara da hakimi da dagatai, ya sanar da 'yan sanda, ya kauce wa ranar kasuwa, ya ajiye mutane a mararraba da ƙasan kowace gangara, ya kuma tanadi mota da ma'aikacin lafiya a bayan mahayin ƙarshe.

Batun tsaro ma ba a tsallake shi. Dajin Falgore ya yi fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, abin da ya sa aka kafa wa sojoji wurin atisaye a cikinsa a 2017. Hanyar da ke zagaye gari, wadda za a maimaita sau uku ko huɗu, ta fi sauƙin kulawa a kan doguwa mai ratsa daji.

Ƙafa akwai, kayan aiki ne babu

A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta wakilci ƙasar a tseren keke. Amma da aka zo wasannin cikin fili, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke. A shekarar ce kuma Biniam Girmay na Eritiriya ya lashe koriyar riga a gasar Tour de France, sannan a Satumban 2025 Kigali ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta tseren kan titi, karo na farko a Afirka. Eritiriya da Ruwanda ƙasashe ne masu tuddai, inda keke ke cikin rayuwar yau da kullum.

Kudancin Kano na da tuddan, yana da samarin. Abin da ya rage shi ne ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, tare da Hukumar Wasanni ta Jihar Kano, su duba yiwuwar ƙaramar gasa mai tsari, da rukuni na musamman ga masu keke marar giya, don kada rashin kuɗi ya hana ɗan manomi shiga.

Shi kuma saurayin da zai tsaya a layi karo na farko, burinsa kada ya wuce ya kammala lafiya. Ya zagaya hanyar kwana biyu kafin gasa, ya san inda yashi yake, ya sa a duba masa birki da kaca, ya yi barci da wuri. Maganar zuwa na ɗaya sai a tsere na biyu ko na uku.