Kayan Kiɗa Na Kyauta A Cikin Kwamfuta

A da, wanda duk ya so ya zama makaɗi a Daura sai ya gada, ko kuwa ya bi maigida shekara da shekaru yana rataye masa kalangu. Yau yaro a unguwar Kusugu, in ya sami tsohuwar kwamfuta, yana iya haɗa kiɗan waƙa sukutum, ba ganga, ba goge. Abin da ke yi masa aikin wata manhaja ce mai ƙaga sauti, watau tana lissafa yadda iska za ta girgiza, lasifika ya fitar.

Masu karatu su duba rahusar da aka samu. Cikin 1983 kamfanin Yamaha na Japan ya fito da fiyanon nan DX7, kuɗinsa kusan dala 2,000. Yanzu akwai manhaja mai suna Dexed wadda ke kwaikwayonsa, har tana karanta muryoyinsa na asali, ba a biyan ko kwabo. Surge kuwa da sayar da ita ake yi, sai a 2018 mai ita ya sake ta kyauta. Ita FL Studio, da 'yan sutudiyo suka saba da ita, ta kuɗi ce, amma tana zuwa da nata kayan a ciki, irin su 3xOsc. Wanda bai da halin saye, LMMS ta ishe shi fara koyo, ya huta da ta sata mai jawo wa kwamfuta cuta.

Amma fa akwai abin da ya dame mu. Sa'ad da masu ƙera fiyano suka daidaita a kan muryoyi 128 cikin 1991, abin da suka kira General MIDI, sun sa sitar da shanai na Indiya, da koto na Japan. Ba algaita, ba kakaki, ba goge. Yaro ya nemi algaita ya rasa, sai ya danna shanai don sun yi kama, a kwana a tashi kunnensa ya ɗauka ita ce tamu. Kalangu ya fi wuya, gama shi magana yake yi, makaɗi na matsa tsirkiya murya ta hau ta sauka bisa karin harshen Hausa. Manhaja na iya lanƙwasa sauti haka, amma sai a hannun wanda ya taɓa sauraron kalangu da kyau.

Saboda haka muna roƙon malaman makarantu na ƙasar Daura, in Sallar Gani ta zo, su nemi izinin fada, su biya makaɗa hakkinsu, su ɗauki muryar tambari da kakaki da algaita ɗaya bayan ɗaya a wuri marar hayaniya. Akwai manhajoji na kyauta masu karɓar irin wannan sauti su shimfiɗa shi a kan madannan fiyano. Wayar hannu mai kyau ta isa fara aikin.