Ruwan Kwara da Wutar Kainji: Amanar da ke Tsakanin Nijeriya da Nijar

Duk wanda ya tsaya bakin ruwa a Yelwa da hunturu, ya ga Kwara na ƙaruwa alhali damina ta daɗe da ɗaukewa, to, ya sani ruwan nan baƙo ne, domin daga duwatsun Gini ya taso, ya ratsa Mali, ya wuce Yamai da Gaya, kafin ya iso inda Basarke ke jefa komarsa yana fatan giwan ruwa. A kan wannan haƙiƙa aka gina mu'amalarmu da Nijar tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968: su bar ruwa ya gangaro, mu kuwa mu sayar musu da lantarki ta layin da ya bi Birnin Kebbi zuwa Yamai, har ya zamana kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarsu daga nan take zuwa. Gungawa, waɗanda tafkin Kainji ya cinye tsibiransu aka tashe su zuwa tudu, su ne suka biya farashin farko, ko da yake ba safai ake ambatonsu ba in ana lissafi.

Da sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum na Nijar ran 26 ga Yuli, 2023, sai Nijeriya, bisa matsayar ECOWAS, ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar, ba a janye takunkumin ba sai a farkon 2024. Asarar fatake a Kamba da albasar da ta ruɓe cikin buhu abu ne da ido ya gani. Amma a ra'ayina ɓarnar da ta fi nauyi ita ce hujjar da muka miƙa wa maƙwabci da hannunmu, domin wanda aka taɓa bari cikin duhu saboda saɓanin siyasa, ba za a zarge shi ba in ya ƙara himma kan madatsar Kandaji da yake ginawa a jihar Tillaberi. Akwai Hukumar Kogin Kwara mai mazauni a Yamai, wadda aka kafa don irin wannan shawara, sai dai ƙarfinta bai wuce yardar gwamnatoci ba. In kuwa aka soma riƙe ruwa a sama da rani ba tare da sulhu ba, kafin injinan Kainji su ji a jikinsu, mai noman albasa a fadamun Shanga da mai bandar kifi a Ngaski sun riga sun ji.