Allon Mai Aski da Tukunyar Kwali

Wanda ya zaga kasuwar Wuse ko ta Nyanya lalle ya ga allon masu aski, an zana kawuna huɗu ko biyar, kowane da irin askinsa. Tela yakan sa a zana masa keken ɗinki, mai abinci kuwa kwano da kifi. Amfanin irin wannan allo shi ne yana magana da wanda bai iya karatu ba.

Mutanen Amurka ma haka suka yi a ƙarni na 18 da na 19. Masu masauki, watau gidajen da matafiya ke kwana su ci su sha, sukan rataye allon katako a bakin hanya. A kansa an sassaƙa ko an zana doki, ko zaki, ko rana. Bayan sun sami 'yanci a 1776 sai hoton gaggafa ya yawaita. Manomansu kuma sukan sassaƙa ɗan mutum na itace mai hannuwa kamar farfela, su kafa shi bisa sanda. In iska ta kaɗa sai ya yi ta jujjuya hannu. Da wuya ka ga wanda ya sa sunansa a jikin aikinsa, gama ba su ɗauke shi a bakin kome ba. Amma da wata mace, Electra Havemeyer Webb, ta kafa gidan tarihi na Shelburne a Jihar Vermont a 1947, irin waɗannan kaya na cikin abin da ta tara. Yau mutane na biyan kuɗi su je kallo.

Mu ma muna da misali a gida. Ladi Kwali ta koyi ginin tukwane a garin Kwali yadda matan Gwari ke yi, tana zana ƙadangare da kunama da kifi a jikinsu. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Ta rasu a 1984, ga shi kuwa hotonta na bayan takardar naira 20.

To, abin tsoro shi ne allunan hannu suna ƙarewa, domin injin bugawa ya fi sauri da araha. Tsohon allo kuwa makomarsa murhu.

'Yan'uwa, mu da za mu zama malamai muna da abin yi. A darasin aikin hannu mu bar yara su yi motar kara da farfelar takarda, mu nuna musu yadda iska ke juya ta. Mu aike su su ɗauko hoton allunan unguwarsu, su rubuto sunan mai zanen da shekarar da ya yi. In mai shago zai yar da tsohon allo, mu roƙe shi mu ajiye a makaranta. Jikokinmu za su so su ga yadda kasuwar zamaninmu take.