Kilarinet A Lokacin Hunturu

Cikin kayan busa da ƙungiyoyin badujala na ikkilisiyoyi da makarantu suke saye da kuɗin gudummawar jama'a, babu wanda ya fi saurin lalacewa kamar kilarinet. Ita ce baƙar sarewar nan mai maɓallai farare, wadda Johann Christoph Denner ya ƙera a birnin Nuremberg na Jamus wajen shekara ta 1700. Masu tsada daga cikinsu ana sassaƙa su ne da wani baƙin itace da ke tsiro a Tanzaniya da Mozambik, wanda yakan yi sama da shekara 60 kafin ya isa sara. Itace kuwa, ko an sare shi, bai daina shan ruwa da bushewa ba.

To, a nan matsalarmu take. Idan mai busa ya hura, numfashinsa mai ɗumi yakan zama raɓa a cikin bututun, cikin ya jiƙe ya kumbura, alhali iskar hunturu tana busar da bayan tana ƙanƙance shi. Ciki na turawa, waje na ja, sai a wayi gari a ga tsaga a gaɓar sama. Masu gyaran irin wannan kuwa ba su da yawa a ƙasarmu.

Saboda haka muna roƙon shugabannin mawaƙa kada su bar yaro ya rufe akwati bai share ba, kome gajiyarsa. A cire bakin, a zura tsumma mai igiya ya ratsa bututun sau biyu ko uku, a raba gaɓoɓin nan biyar, a goge kowace mahaɗa, domin nan ruwa yake kwanciya. In tsumman ya maƙale a gaɓar sama, kada a fizga. Akwai ɗan bututun ƙarfe da ya leƙo a ciki, shi ya kama shi. A ja da baya a hankali.

Da sanyin safiya, musamman a wurare kamar Jos, a ɗumama gaɓar sama a hammata kafin a fara busa. Sabuwar kilarinet ta itace kuma kada ta wuce minti 15 zuwa 20 a rana a makonnin farko. Idan zoben ƙarfen da ke bakin gaɓa ya soma juyawa da kansa, itacen ya bushe ke nan, sai a ajiye ɗan jiƙaƙƙen soso a akwatin, amma kada ya taɓa maɓallai. Da damina a cire shi, a riƙa buɗe akwatin yana shan iska saboda fumfuna.

Harshen nan na kara da ake ɗaurewa a baki, a kwance shi bayan kowace busa, a goge, a ajiye shi a shimfiɗe. Bakin kansa a wanke shi da sabulu da ruwan sanyi sau ɗaya a mako. Ruwan zafi yakan canza masa launi, ya kuma lanƙwasa shi. Ba ma so mu ga yara uku suna karɓa-karɓa da baki guda.

Wani abu da muka sha gani a wajen bukukuwa shi ne a sha lemon kwalba, nan take a ɗauki kilarinet. Sukarin yakan bi numfashi ya sauka a kan 'yan matasan da ke toshe ramuka, su riƙa mannewa. A kurkure baki tukuna. In sun riga sun manne, a sa siririyar takarda mai tsabta a ƙarƙashi, a danna maɓallin kaɗan, a saki, a cire.

Ƙungiyar da ke shirin saye domin masu koyo, shawararmu ita ce ta nemi ta roba. Muryarta ba ta kai ta itace daɗi ba, amma hunturu ba ya tsaga ta.