Albasar kwaɗi da albasar kura: da gaske albasa ce?

Da ruwan farko ya sauka a ƙasar Kankiya da Kusada, bakin fadama kan yi ado da wani tsiro mai dogon ganye da farin fure mai ratsin ja. In aka tona, sai a tarar da kai irin na albasa. Mun tashi muna ce masa albasar kwaɗi. Ga kuma albasar kura, mai fitar da doguwar sandar fure tun ganyenta bai tsiro ba.

A wajen masana tsirrai, sunan ne kawai ya haɗa su da albasar miya. Ita sunanta Allium cepa, wanda Carl Linnaeus ya raɗa mata a 1753, kuma danginta ba sa ɓuya: murtsuke ganyen, warin albasa ko tafarnuwa zai bugi hanci. Albasar kwaɗi 'yan Crinum ce, 'yar'uwa ta nesa. Albasar kura kuwa 'yan Drimia ce, ko gida ba su haɗa ba, kuma kanta na ɗauke da guba mai taɓa zuciya. Wata 'yar'uwarta ta bakin tekun Bahar Rum har maganin ɓera ake yi da ita. Don haka ƙannenmu masu kiwo, ban da ɗanɗanawa.

Tun 1916 Dakta J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi, amma sau da yawa suna ɗaya na rufe tsiro uku ko huɗu. Nan aikinmu yake. Kai kaɗai ba ya rarrabe su, fure ne shaida. A ciro tsiron gaba ɗaya, a danne shi tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe, a rubuta rana da ƙauye da sunan da dattawan wurin ke kiransa. Daga nan sai ɗakin adana busassun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a gwada da na ajiye.

In ba a samu irinsa ba, kada mu yi saurin cewa sabo ne. Sai an duba na Ibadan da na Kew a Landan, an buga cikakken bayaninsa da Latinanci ko Turanci, an kuma ajiye samfuri guda a matsayin hujja.

Furen Crinum kwanaki kaɗan yake yi, wanda ya jira tsakiyar damina ganye kawai zai tarar.