Kafin Jan Fenti Ya Hau Bango: Dokokin Ƙasa da Tsare-tsare a Tsohon Birnin Bauchi

A duk lokacin da aka tayar da zancen gyaran dokokin tsara ƙasa da na albarkatu a Nijeriya, akan gabatar da shi a matsayin hanyar gaggauta shimfiɗa tituna da gina madatsun ruwa da jan layukan lantarki, jama'a kuma sukan bar shi ga 'yan majalisa da lauyoyi a Abuja. Sai dai kowane titi da aka zana a takarda ta kan filin wani zai bi, kuma a tsofaffin unguwanni irin su Ƙofar Dumi da ke birnin Bauchi, inda gidaje suke manne da juna, lunguna suke da ƙunci, mallaka kuma ta fi dogara ga gado da shaidar maƙwabta fiye da takarda, wannan fili yakan kasance zauren wani ne ko ɗakin mahaifiyarsa. Don haka ya wajaba mazauna irin waɗannan wurare su san abin da doka ta tanada a yau, tun kafin a zo ga abin da ake son canzawa.

Ƙofar Dumi ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar da ta kewaye birnin da Sarki Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa wajen shekarar 1809, tare da 'yan'uwanta irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Inkil da Ƙofar Tirwun. An fitar da hanyoyin cikin gari ne domin mai tafiya a ƙasa da mai doki da mai jaki, kuma a kan wannan shimfiɗa aka ɗora duk abin da ya biyo baya: jirgin ƙasa ya iso a 1961, garin ya zama babban birnin jiha a 1976, mutane suka yi ta kwararowa, motoci da babura suka cika hanyoyin da ba domin su aka yi ba. Buƙatar faɗaɗa titi da haƙa magudanar ruwa a irin wannan gari gaskiya ce da ba mai musunta, kuma wanda ya taɓa ganin yadda kwata take malala a lungu da damina ba ya neman a kawo masa hujja.

Nijeriya ba ta taɓa rasa tsari a rubuce ba. Shirin raya ƙasa na farko bayan samun mulkin kai, na 1962 zuwa 1968, a ƙarƙashin ɗan Bauchi aka ƙaddamar da shi, wato Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma daga cikinsa ne madatsar Kainji ta fito. Wasu shirye-shiryen sun biyo baya a 1970 da 1975 da 1981, har aka iso ga na 2021 zuwa 2025, wanda ya ƙiyasta kashe naira tiriliyan 348.1, amma ya ɗora tiriliyan 298.3 daga ciki a wuyan 'yan kasuwa masu zuba jari. Wannan rabo shi ne ya bayyana dalilin matsin lambar da ake yi a kan dokokin filaye, domin mai jari yana son fili da wuri, da takarda mai tsafta, ba tare da doguwar shari'a ba. A ɗaya gefen kuma akwai madatsar Kafin Zaki a yankin Ningi, wadda ake ta maganarta tun zamanin Shugaba Shehu Shagari ba a kammala ba, ga matsalar kuɗi, ga kuma ƙorafin al'ummomin Yobe da Borno da ke fargabar a tare musu ruwan kogin Jama'are. Tsarin da bai sasanta masu haƙƙi tun farko ba, a takarda yake tsufa.

Tushen al'amarin shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, bisa salon dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962. Sashenta na farko ya damƙa dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ya riƙe ta domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, abin da mutum yake da shi a idon doka haƙƙin zama ne da amfani, kuma takardar shaidar da gwamnati take bayarwa, wadda a filayen zama yawanci ta shekara 99 ce, wannan haƙƙi take tabbatarwa. Filayen cikin birni suna ƙarƙashin gwamna kai tsaye, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da haƙƙinsu na gargajiya. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da haƙƙin da gwamna ya bayar ko a jinginar da shi sai da amincewarsa, kuma wannan sharaɗi ne masu neman gyara suka fi kuka da shi, saboda jinkiri da tsadar da yake jawowa, abin da ya sa mafi yawan cinikin gida yake ƙarewa a gaban mai unguwa da shaidu, gwamnati ba ta da labari.

Akwai tanadi guda da ya kamata kowane magidanci a tsohon birni ya riƙe da kyau. Sashe na 34 ya ce duk wanda yake riƙe da ginannen fili a cikin birni kafin dokar ta fara aiki a watan Maris na 1978, to ana ɗaukarsa tamkar wanda gwamna ya riga ya ba haƙƙin zama, ko da kuwa bai taɓa karɓar takarda ba. Saboda haka furucin da akan tsorata mutane da shi, cewa gidan da ba shi da takardar gwamnati ba shi da diyya, ba shi da tushe a kan gidajen gado da suka girme wa dokar. Wahalar tana wajen tabbatarwa ne, domin wanda bai ajiye takardar rabon gado ta kotu ba, ko takardar ciniki, ko rasit na kuɗin ƙasa, yakan dogara ga bakin dattawa, dattawan kuwa kullum raguwa suke yi.

Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama idan maslahar jama'a ta buƙata, kamar gina titi ko makaranta ko shimfiɗa bututu ko haƙar ma'adinai, amma da sharaɗin a yi sokewar a rubuce ta hannun jami'in da aka ba izini, a kuma isar da sanarwa ga mai haƙƙin. Jan fenti a jikin bango alama ce ta masu awo, kuma ba ya zama a madadin wannan sanarwa. Kotuna sun sha rushe sokewar da aka yi ba tare da ita ba, haka nan wadda aka yi da sunan jama'a sannan aka miƙa filin ga wani mutum domin amfanin kansa.

Inda dokar ta fi cizo shi ne wajen diyya. Bisa sashe na 29, ana biyan mutum ne kuɗin abin da ya ɗora a kan ƙasa, wato gini da shuka da makamantansu, ana lissafa kuɗin sake gina irinsa sannan a cire abin da tsufa ya rage masa, a ƙara da kuɗin ruwa idan an jinkirta biya. Ita ƙasar kanta ba a biyan darajarta ta kasuwa. Idan aka auna wannan da tsohon gidan ƙasa a tsakiyar Bauchi, za a ga cewa abin da yake da tsada, wato wurin, shi ne ba ya shiga lissafi, abin da yake shiga lissafi kuwa, wato katangar jar ƙasa da azara da tsohon kwano, tsufa ya riga ya cinye rabinsa. Sannan gida guda yakan kasance na magada goma ko fiye, cikinsu har da zawarawa da marayu da 'yan'uwan da suke zaune a wasu garuruwa, kuma idan aka raba kuɗin da ko fuloti a bayan gari bai isa ya saya ba, kowa yakan tashi da abin da ba zai kama masa hayar shekara biyu ba. Gaskiya ne sashe na 33 ya ba da damar a sake wa mutum matsuguni a maimakon kuɗi, amma zaɓi ne da ke hannun gwamnati. A nan ne duk wani gyara na gaskiya ya kamata ya fara, domin dokar da ta sauƙaƙa karɓar fili ba ta taɓa ma'aunin diyya ba, nauyin ci gaba ta ɗora wa mafi rauni.

Game da ƙorafi kuma, dokar ta tura saɓani kan adadin diyya zuwa ga kwamitin amfani da rabon filaye na jiha, wanda gwamna ne yake naɗa shi, har ma sashe na 47 ya yi ƙoƙarin hana kotu duba adadin. Amma sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya cikin gaggawa, ya kuma ba wanda aka karɓi dukiyarsa damar zuwa kotu a tantance haƙƙinsa da adadin abin da za a ba shi. Wanda aka gaya wa cewa ba shi da inda zai kai kuka, ya nemi shawarar lauya kafin ya sa hannu a kan kowace takarda.

Tsara birane kuwa yana da tasa dokar, ta 1992, wadda ta tanadi a riƙa fitar da taswirar ci gaban gari, a baje ta jama'a su gani su yi ƙorafi, sannan kada a yi gini sai da izini. Sai dai a shekarar 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Wannan yana nufin cewa faɗin titin da zai ratsa unguwa, da tazarar da za a bari tsakanin gini da bakin hanya, da inda magudana za ta bi, duk a Bauchi ake yanke su. Haka ma gyaran tsarin mulki na watan Maris na 2023 ya ba jihohi damar yin dokokinsu a kan lantarki da jirgin ƙasa, hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 kuma ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Iko yana ta matsowa kusa da gida, kuma uzurin cewa komai daga Abuja yake zuwa yana ta raguwa.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa hukuncinsa daban ne, domin tsarin mulki ya mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan ma'adinai da man fetur da iskar gas, ko a gonar wa aka same su. Wannan ya shafi Bauchi tun da aka sanar da samun mai a Kolmani, a iyakar Alƙaleri da Jihar Gombe, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a ranar 22 ga Nuwamba 2022. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta tanadi kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfani na shekarar da ta gabata domin asusun al'ummomin da ake aiki a yankinsu, jiha kuma tana da kashi 13 cikin ɗari na kuɗin shigar da aka samu daga albarkatun ƙasarta, wanda ba ya zuwa sai an fara haƙowa ana sayarwa. Mazaunin Ƙofar Dumi ba ya cikin al'ummar da rijiya take a ƙofarta, amma titinsa da famfonsa suna cikin abubuwan da irin wannan kuɗi ya kamata ya gyara, don haka yana da bakin tambaya.

Dole ne kuma a faɗi laifin jama'a. Akwai masu jin ƙishin-ƙishin ɗin zuwan titi su yi sauri su ɗora bulo da dare domin a ƙirga musu, akwai masu cike kududdufi ko toshe hanyar ruwa su yi gini, akwai kuma masu sayen fili a hannun dillali ba tare da sun bincika ko wurin yana cikin hanyar da aka riga aka ware ba. Ginin da aka yi bayan sanarwa ko a kan hanyar ruwa shi ne na farko da rusau yake ci, kuma mai shi ba shi da hujja mai ƙarfi. Haka nan a yi hattara da masu yawo gida-gida suna karɓar kuɗi da sunan za su sa mutum cikin jerin masu diyya, domin awo da ƙiyasi aikin jami'an gwamnati ne, kuma mai gida yana da damar ya tsaya a kansu, ya nemi a nuna masa abin da aka rubuta, ya kuma ɗauki hotunan gidansa ciki da waje kafin a taɓa shi.

Gyaran dokar 1978 ba ƙaramin aiki ba ne, saboda sashe na 315 na tsarin mulki ya ɗaure ta, ba a canza ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar tana nan yadda take. Kafin a taɓa ta sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya sun amince, sannan majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su goyi baya, kuma Majalisar Dokokin Jihar Bauchi tana cikin waɗanda za a tambaya. Ana kira ga masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin ci gaban unguwa a Ƙofar Dumi da sauran ƙofofin birni da su taimaka wa iyalai su tattara takardun gadonsu su yi musu rajista tun yanzu, su nemi a baje taswirar duk wani aiki kafin a fara shi, su kuma tambayi ɗan majalisarsu matsayinsa a kan biyan darajar fili da biyan diyya kafin rusau, tun ƙuri'ar ba ta zo gabansa ba.