Masai Ya Sake Toshewa

A tsofaffin gidajen Dutse, kamar na Garu da Limawa, da can salga ce kawai, rami da murfi. Yanzu gidaje da yawa sun sa masai na ruwa, wanda a ke korawa da buta ko bokiti. Yana da tsabta, amma yakan toshe. A zura sanda yau ya wuce, bayan mako 2 ya sake. Mai gida ya yi ta yi wa yara faɗa, alhali kuwa watakila ba laifinsu ba ne.

To, kafin mu kira mai gyara mu ba da kuɗi, sai mu fara gano inda ɓarnar ta ke.

Ruwan masai yana da hanyarsa. Daga tukunya ya shiga bututu. Daga bututu ya faɗa wani ɗan akwatin siminti mai murfi a waje, wanda magina ke kira cemba. Sa'an nan ya zarce babban rami, watau shadda. Wannan ɗan akwati shi zai gaya mana gaskiya.

Mu ɗaga murfinsa, mu sa wani ya zuba bokiti guda a masai, mu kuwa mu tsaya mu duba. In akwatin ba kome ciki, ruwa kuma bai iso ba, ko ya iso kaɗan kaɗan, to, abin yana tsakanin tukunya da akwati. Galibi leda ce, ko tsumma, ko ƙunzugun jariri, ko audugar mata. Waɗannan ba su narkewa. Dutse da sandar kara da wasu ke goge jiki da su ma haka. Sai a jawo su da waya mai ƙugiya. Kada a tura su gaba, don can za su sake tsayawa.

Amma in mun tarar da akwatin cike, ruwa tsaye ba ya motsi, to, tukunya ba ta da laifi. Ko bututun da ke zuwa rami ya toshe, ko ramin kansa ya cika. A nan ne tsohon gida ke ba da wahala. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne, tana zaizayewa a ƙarƙashin bututu har ya lotsa a tsakiya, ƙazanta ta riƙa kwanciya a wurin. Bututu mai faɗin inci 4 yana so ya gangara kamar ƙafa 1 a cikin ƙafa 40. In ya rasa gangara, ko sau nawa a ka fasa toshiyar za ta komo. Sai an tone an sake shimfiɗa shi. Mu duba kuma ko akwai darbejiya kusa. Saiwarta na bin danshi, tana shiga ta mahaɗar bututu ta cika shi. Inuwarta da daɗi, amma ba a bakin shadda ba.

Mu tambayi kanmu, yaushe ya ke toshewa? In da damina ne kaɗai, wajen Agusta, ƙasa ce ta ƙoshi, rami ba ya tsotsewa. Gidajen da ke gindin duwatsu sun fi shan wannan, don fa na ƙasa ya hana a haƙa rami mai zurfi. Lalle ne a kau da ruwan indararo da na rariyar wanka daga shadda, a yi musu tasu hanya dabam.

In rami ya cika, a kira masu kwasa. Kada kowa ya shiga ciki, kada kuma a leƙa da ashana ko aci-bal-bal. Iskar da ke ciki tana kashe mutum nan take, tana kuma kama wuta.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2021 amai da gudawa ya kashe mutane da yawa a Jihar Jigawa. A 2022 kuwa jihar nan ce ta farko a Nijeriya da a ka shaida ta daina kashi a fili. Amma ran da masai ya toshe, yara bayan katanga su ke komawa, ruwan sama ya kwashe ya kai rijiya. Saboda haka kafin a gama gyara, a roƙi maƙwabci aron nasa, na yara ƙanana kuma a kwashe da fo a kai can.